Cajin Mota, Numfashin Uwa

Ranar da Ramiz ya shigo da motar babu wanda ya ji zuwansa. Muna zaune a barandar mahaifiyarsa Zahiyya, wadda duk ƙauyenmu ke kira Ummu Ramiz, muna shan gahawar safe kamar yadda muka saba ni da ita tun muna amare, sai ga wata 'yar farar mota ta sulalo ta tsaya gindin ɓauren ƙofar gida. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ko kajin da ke tona a wurin ba su ɗaga kai ba.

Ummu Ramiz ta gyara robar numfashin da ke hancinta ta ce, "Ummu Nazih, duba mini, turo ta aka yi?"

Ramiz ya fito yana dariya, ya hau matakala ya sumbaci hannun uwarsa ya kai goshi. "Ummi, na rabu da layin mai har abada. Wannan ba ta shan fetur. Wuta take sha."

"Wace wutar? Ta gwamnati da ke leƙo mu ta gudu kamar an biyo ta?"

Yatsa ya ɗaga ya nuna saman rufi.

A saman rufin akwai farantan sola, a ƙarƙashin matakala kuma batura da inbata. Ba na Ramiz ba ne. Ƙanwarsa Nuhad, wadda ke aikin jinya a Kuwait, ita ta aiko aka kafa su bayan likita a garin Halba ya ce hayaƙin kaskon gurasa ya cinye huhun mahaifiyarsu, kuma in ana son ta daɗe, sai na'urar numfashi ta kwana a kunne ta kuma yini a kunne. Don na'urar nan aka hau rufin. Duk wanda ke unguwar ya san haka.

Ummu Ramiz ta dubi rufin, ta dubi motar, ta dubi ɗanta. Ta ce, "Allah ya sa alheri, ɗana."

Ba zan ce Ramiz mugun ɗa ne ba. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Shekarar ce da direba zai kai mota gidan mai tun asuba, ya yi azahar a layi, a ce masa ya ƙare. Da man ya dawo kuma, da dala ake faɗar kuɗinsa. Tsohuwar Marsandinsa ta haya ta yi wata da watanni a tsaye har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta, ga yara uku a makaranta. Ya sayar da ita, matarsa Hiyam ta cire awarwaronta na aure ta haɗa, aka sayo wannan.

Makon farko ƙauye ya yi murna. Ramiz ya fita da sassafe ya kwashi masu zuwa Halba da Tarabulus, garuruwan da ke kusa da mu, ya dawo da hantsi ya jawo baƙar waya daga ƙarƙashin matakala ya soka wa motar a gaba, ya shiga ya ci abinci ya kwanta. Sai la'asar ya zare ya sake fita. Wato lokacin da rana ke tsakiya, lokacin da ya kamata batura su sha su ƙoshi don dare, motar ce ke sha.

Ni na fara lura, domin bangonmu ɗaya. Tun kafin kiran assalatu sai in ji inbata ta fara ƙiiƙii, ta yi ta yi, sannan gurnanin na'urar ya ɗauke. Bayansa sai tari. Da safe in tarar da Ummu Ramiz zaune a kan gado an tara mata matasai a baya, leɓɓanta sun yi duhu, ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau.

"Kin yi barci kuwa?"

"Na yi daidai gwargwado. Tsufa ne, Ummu Nazih. Ke kina barci?"

"Ni na'urata ba ta mutuwa cikin dare."

Ta yi murmushi ta ce in zuba mata gahawa. Ni na riƙe mata kofin ta sha.

Na tari Ramiz wata rana yana goge gilashin motar. Halti yake ce mini tun yana yaro, wato 'yar'uwar uwa, ko da yake ba abin da ya haɗa ni da uwarsa sai katanga.

"Ramiz, na'urar Ummu na mutuwa kafin asuba."

"Na sani, Halti. Baturan ne sun fara rauni. Wanda ya haɗa su ya cuci Nuhad, tsofaffi ya sa mata."

"Kafin motar ba sa mutuwa."

"Kafin motar lokacin zafi ne, yini ya fi tsawo."

"Kai, har yanzu a zafin muke, ɓaure ma bai gama nuna ba."

Ya ajiye tsumman ya matso kusa da ni, ya sassauta murya. "Halti, ki tsaya ki ji. Maganin Ummi da me ake saya? Burodin da yaran nan ke tafiya da shi makaranta fa? In motar nan ta tsaya, dukanmu mun tsaya, har da ita. Awa biyu ne kawai kafin gari ya waye. Likitoci kuma kin san su, in ana buƙatar biyar sai su ce goma don su wanke kansu. Da na ɗan farfaɗo zan ƙara farantai a rufin. Na riga na yi magana da mutumin."

"Yaushe?"

"Da na farfaɗo."

Daga nan wani ya kira shi a waya, matar mutumin na naƙuda. Ya zare cajin ya tafi. Da yamma na ji mata na sa masa albarka a bakin shago, wai ba don motar Ramiz ba da a hanya za a haihu.

Kaka ta shigo, aka fara kaɗar zaitun. Rana ta ragu, aiki ya ƙaru. Ramiz ya samu masu zuwa kullum, malamai biyu da wata ma'aikaciyar kemis, ga masu kai buhunan zaitun wurin matsa. Motar ta koma shan wuta tun hantsi har rana ta karkata. Na'urar da ke kaiwa gab da asuba ta koma mutuwa tun tsakar dare.

Na je wa Hiyam a kicin tana yanka albasa. Na ce mata ko za a riƙa barin motar ta huta rana ɗaya a mako, batura su cika.

Ba ta ɗago ba. "Halti, kin ga firjin can? Kwanduna nake ajiyewa a ciki. Wanki da hannu nake yi, dubi yatsuna. Yarana da kyandir suke karatu. Duk wannan don wa? Don na'urar Hajiya. Ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Amma in ta yi tari sau ɗaya, unguwa ta ji."

"Ba tari ɗaya ba ne, 'yata."

"Awarwarona ne a cikin motar nan. Nuhad tana can cikin sanyin na'ura ta aiko da faranti, ta gama nata. Wa ke kai ta banɗaki? Wa ke wanke mata zani?" Ta share hawayen albasa da bayan hannu, sannan ta nuna soket ɗin da ke bakin ƙofa. "Kuma ga wayarki can da fitilarki. Su ma wutar suke sha, ai ban ji kin ce a cire su ba."

Na zare su na fita. Tun da mai janaretan unguwa ya yanke mini layi, a gidan nake caji. Daga ranar na koma kai su shagon bakin titi. Ban ga ya ƙara wa na'urar ko minti ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na shiga da hantsi na tarar da ɗakin shiru. Na'urar a kashe, robar na rataye a ƙusar bango, Ummu Ramiz ta jingina da taga bakinta a buɗe tana jan iska kamar wadda ta hau dutse.

"Wa ya kashe?"

"Ni."

"Don me?"

Sai da ta huta tsakanin kalma da kalma. "Ƙarar... na damuna. Iskar Allah... ta fi daɗi."

Na leƙa ta tagar. Motar na gindin ɓaure da baƙar wayarta a gaba. Na miƙa hannu zan kunna, ta riƙe mini hannun riga. Matar da a da take juya gurasa a iska ta yi faɗin tire, yanzu riƙonta bai fi na jariri ba.

"Bari. Yana da tafiya Tarabulus. In ba ta cika ba... a hanya za ta tsaya masa."

"Shi ya ce ki kashe?"

"Bai ce ba."

Gaskiya ta faɗa. Bai taɓa cewa ba. Sai dai ya shigo ya tsaya gaban inbata ya yi tsaki, ya ce wa Hiyam da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, "Yau ma ba za ta cika ba. Sai dai in ba mutanen haƙuri." Uwa kuwa kunnenta ba ya tsufa a kan tsakin ɗanta.

Daren nan ban runtsa ba, washegari na kira Nuhad. Na faɗa mata komai, ban rage ba ban ƙara ba. Da na gama ta ce, "Na gode, Halti. Zan kira su."

Da la'asar aka aiko in zo. Na tarar an gyara ɗakin, an sa wa Ummu Ramiz farin mayafinta na Juma'a, robar na hancinta, na'urar na gurnani. Motar ba ta kan caji. Ramiz na riƙe da wayar yana haska wa ƙanwarsa ɗakin, fuskarta ta cika gilashin.

"Ga ta nan," in ji shi. "Ga na'urar, ga Ummi, ga kuma Halti da ta ce muna kashe ta. Tambaye ta da kanki."

Nuhad ta ce, "Ummi, don Allah ki gaya mini gaskiya. Na'urar na kwana a kunne?"

Ummu Ramiz ba ta dube ni ba. "Tana kwana, 'yata."

"Motar fa?"

"A Halba yake cajinta. Wani lokaci dai yakan ɗan sa ta a nan in batura sun cika sun rasa inda za su kai. Ɗan'uwanki bai rage ni da komai ba. Hiyam ma kamar ni na haife ta."

"Amma Halti ta ce..."

"Ummu Nazih ta tsufa. Kunnenta ke jiyo mata abubuwa cikin dare. Tun rasuwar maigidanta take haka."

Ramiz ya yi dariya, Hiyam ta sunkuyar da kai. Nuhad ta ce, "Halti, na san don ƙauna kika yi. Amma kin tayar mini da hankali, yau ko aiki ban iya yi ba." Na ce ta yi haƙuri. Me zan ce? Kafin in kai ƙofar gidana na ji an jawo baƙar wayar a kan siminti.

Na ɗauke ƙafa kwana biyu. A na uku ta ƙwanƙwasa bangon da sandarta, kamar yadda muke kiran juna. Na shiga na zauna nesa da gadon.

"Fushi kike?"

"Kin mai da ni mahaukaciya a gaban yaran da na yi wa wanka."

"Na sani. Ki yafe mini." Ta huta. "Kin san Nuhad. Zuciyar ubanta gare ta. In ta tabbatar... ba za ta ƙara yi masa magana ba har ƙasa ta rufe ta. Su biyu gare ni. In na tafi, wa take da shi? Wa yake da shi?"

"To ke fa?"

"Ni na ci nawa."

"Ba ki ci ba. Shekara nawa kina tsugune gaban wuta don ya yi karatu, ya ƙi, kika saya masa Marsandi da kuɗin gurasa. Yanzu iskar ma..."

"Ummu Nazih." Ta rufe ido. "Kada ki sa in yi magana da yawa."

Na ɗauko man zaitun na shafa mata ƙafafu. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, in na danna yatsa sai ramin ya tsaya.

Wurin Abu Talal, muhtar ɗin ƙauyenmu, wato dagacinmu, na je daga ƙarshe, tunda shi ake kai wa ƙarar iyaka da ta gado da ta ma'aurata. Ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har na gama yana jan carbi.

"Ita Hajiyar ta kawo kuka?"

"Ba za ta kawo ba."

"'Yarta fa?"

"An rufe mata ido."

"To kin ga, Ummu Nazih, wannan maganar cikin gida ce. In na shiga, da wane baki? Yaron nan ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya zagin uwarsa. Nema yake yi. Zamanin ne ya lalace, ba shi ba. A kawo mana wuta kamar sauran ƙasashen duniya mu gani in za a yi wannan maganar."

"Kafin a kawo wutar fa?"

Ya dubi ƙofar ɗakin ciki. Matarsa na kwance a can. Sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda a Tarabulus, kuma tun da mai ya gagara, mota ɗaya ce ke kai ta a kuɗin da za su iya biya.

"Zan yi masa magana a hankali," in ji shi. "Sha shayinki, ya huce."

Ban sani ba ko ya yi. Na dai ga motar a ƙofarsa ranar Talata kamar kullum.

Sanyi ya shigo da ruwansa. A nan yankinmu na Akkar in hadari ya sauko daga kan duwatsu sai a yi kwanaki ba a ga rana ba. Farantan suka koma kawo abin da bai taka kara ya karya ba. Sai Ramiz ya fito da sabuwar dabara: in rana ba ta ishi motar ba, da magariba ya juye mata ɗan abin da ya taru a batura. Ya sayo wa uwarsa wata 'yar tukunyar iska ta ƙarfe, ya nuna wa duk wanda ya shigo gaisuwa. Ta yi dare ɗaya da rabi ta ƙare. Cika ta sai a Tarabulus, kuma kullum gobe ne.

Ummu Ramiz ta daina kwanciya, a zaune take kwana. Ta daina zuwa baranda. Ta fara kirana da sunan yayarta da ta rasu tun muna 'yan mata, in na gyara mata ta ce ai ta sani, wasa take yi. Gahawa ta fita ranta. In na kawo miyar adas, ƙananan waken nan, ta sha cokali biyu ta ce ta ƙoshi, domin haɗiya na hana ta numfashi.

Wata safiya Ramiz ya shigo ina nan, ya durƙusa ya kama hannunta. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ummi, ki ƙara haƙuri kaɗan. Na samu aiki babba. Ɗan kawun Hiyam zai yi aure, amaryar 'yar Beirut ce, ta ce ba za ta shiga kowace mota ba sai farar nan marar ƙara. Da dala za su biya. Ina dawowa sai wurin mai farantai, wallahi. Batir ma sabo zan sa. Kafin ƙarshen wata za ki yi barci har rana ta fito."

Ta shafa kansa. "Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Ramiz, dubi leɓenta. A kai ta asibiti yau."

"Halti, asibiti sai an ajiye kuɗi kafin su buɗe ƙofa. Bikin nan shi ne kuɗin asibitin. Jibi ne fa."

Kwana biyun nan ruwa bai ɗauke ba. Duk abin da ya sauko daga rufi, da abin da ke cikin batura, da 'yar wutar gwamnati da ta leƙo sau ɗaya, motar ta shanye, don hanyar Beirut na da nisa. Ban ji gurnanin na'urar ta bango ba ko sau ɗaya.

Ranar bikin gari ya waye tas, sama ta yi shuɗi kamar an wanke ta. An ɗaura wa motar fararen furanni da ƙyalle a madubi. Hiyam ta fito cikin rigar biki da yaran, za su bi motar 'yan'uwanta. Ta tsaya a ƙofata, karon farko tun ranar albasa.

"Halti, don Allah ki leƙa Hajiya. Na ajiye mata abinci. Yau ga rana, ki kunna mata abinta ta more."

Na shiga na kunna. Fitilar inbata ta yi kore, na'urar ta ɗauki gurnani. Na sa mata robar a hanci. Ta daɗe kafin ta buɗe ido.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Motar ta cika?"

"Ta cika."

"Alhamdu lillahi." Ta ja iska a hankali. "Yau tana da sanyi. Tana da daɗi."

Amma launinta bai dawo ba. Farcenta sun yi shuɗi, ƙirjinta na kuka kamar ruwa na tafasa a tukunya. Na fita na buga wa maƙwabta. Mai motar farko ya ce tankinsa a bushe yake tun makon jiya. Na biyu ya tafi bikin. Na kira motar asibiti, suka ce guda ɗaya ce ke aiki kuma tana can wani ƙauye a kan dutse, in jira. Na kira Ramiz. Ina jin kiɗa da guɗa a bayansa.

"Halti, na'urar na kunne?"

"Tana kunne, amma..."

"To ai shi ke nan, za ta warware. Kwana biyun nan ne suka gajiyar da ita. Amarya na cikin mota, ba zan sauke ta a titi ba. Da an kai ta zan juyo."

Na koma na zauna kusa da ita. Wajen azahar ta ce tana son ruwan zafi da na'ana'a. Na ji daɗi, na ce tunda ta nemi abu sauƙi ya fara zuwa. Na je gidana na tsinko ganyen na dafa. Da na dawo da kofin, kanta ya karkata a kan matashi, hannunta ɗaya a buɗe a kan bargo. Na kira ta Ummu Ramiz. Na kira ta Zahiyya. Na'urar na ta hura iska a hancinta, rana ta cika ɗakin, batura a ƙarƙashin matakala sun cika har inbata ta daina karɓa.

Ban kashe ba. Na rufe mata ido, na zauna har mutane suka zo.

Likita ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya. Aka binne ta washegari. Ramiz ya yi kuka a maƙabarta har sai da aka riƙe shi, kuma ba kukan ƙarya ba ne. Nuhad ba ta samu jirgi ba sai bayan an rufe. Shi ya je ya ɗauko ta.

Ran zaman makoki na uku muna ɓangaren mata, ana zagayawa da gahawa marar sukari, sai ga Ramiz da Nuhad sun shigo tare, yana riƙe da kafaɗarta. Ta rame, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa a gabana ta kama hannuwana biyu.

"Halti, an ce ke ce a wurinta. Tun a jirgi maganarki ta rannan ke dawo mini. Ki gaya mini, don Allah. Da ta cika, na'urar..."

Ramiz ya riga ni. "Faɗa mata, Halti. Ke kika tarar da ita. A kunne take ko a kashe?"

Matar Abu Talal na zaune a kusurwa da bandeji a hannu, gobe ranar wankin ƙodarta ce. Malamar da yake kaiwa makaranta na nan. Wadda ta kusa haihuwa a hanya na nan da jaririnta a cinya. Dukansu ni suke kallo. Na dubi Nuhad, ta jingina da ɗan'uwanta, ba ta da kowa sai shi.

Na ce, "Ranar dai a kunne take."

"Kin ji," in ji Ramiz.

Nuhad ta kifa kai a ƙirjinsa ta fashe da kuka, tana cewa ya yafe mata zargin da ta yi masa. Wata ta ce Allah ya ba kowa ɗa irin Ramiz, mata suka amsa da amin. Ba wadda ta tambaye ni sauran ranakun. Mai gahawa ta miƙo mini kofi.

Na sha jin ana wa'azi a kan ɗan da ya daki uwarsa, da wanda ya kore ta daga gida. Waɗannan suna da suna, ana nuna su da yatsa. Amma wanda ya sumbaci hannunta kowace safiya ya kuma ɗebi numfashinta kaɗan-kaɗan, da izininta, da addu'arta, ƙauye na sa masa albarka, ban san inda ake kai ƙararsa ba. Na je wurin duk wanda na sani, kowa ya ba ni hujja, kuma babu hujjar da ta kasance ƙarya tsantsa.

Kafin Nuhad ta koma, suka ba da na'urar sadaka ga masallaci da sunan marigayiya, liman ya yaba musu a huɗuba. Kuɗin bikin ya tafi a hidimar makoki. Ba a ƙara faranti ko ɗaya a rufin ba. Ramiz ya ce yanzu waɗanda ke akwai sun isa.